Tulun Da Inna Ta Shayar A Kaduna

A garinmu mace ba ta fita sai da dalili. Ko barka, ko ta'aziyya, ko awo a asibiti, ko cefane. Idan kin haɗu da wata a hanya kin tambaye ta ina za ta, amsar tana bakinta. Shi ya sa da autarmu ta ce mu shirya za mu fita, wata Asabar da hantsi, Inna ta ɗago kai daga kan darduma ta ce, "Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Inna."

"Haihuwa aka yi?"

"Shan iska kawai za mu je."

Inna ta saurari fankar da ke juyawa a samanmu. Can ta ce, "Wannan da ke kaɗawa fa, mece ce?"

A Kaduna muke a lokacin, a gidan Auta, wadda take koyarwa a wata firamare a can. Ni na kawo Inna daga Birnin Gwari don a cire mata yanar da ta rufe mata idanu. Likita ya ba mu Litinin, amma mun iso tun kafin ƙarshen mako, domin a hanyarmu ba ke kike zaɓar ranar tafiya ba. Ranar da aka samu rakiyar sojoji ita ce ranarki. Tun daga tasha har muka wuce Buruku ba wanda ya yi hira a motar. Direba ya kashe rediyo. Mai carbi yana ja, wanda ba shi da shi yana bin gaɓoɓin yatsunsa, idanun kowa suna kan daji hagu da dama. Ni dai na san tsakanin bishiyoyin nake leƙawa, su kansu ban gan su ba.

Inna ba 'yar cikin gari ba ce. A ƙauye ta haife mu, can gaba da Gwaska, inda gona take ƙarewa daji ya fara. Ko bayan rasuwar Baba ta ƙi tasowa, sai ranar da masu babura suka shigo ƙauyen ya watse. Ta iso gidana da zanen da ke jikinta da takalmi ƙafa ɗaya. Ta baro rumbu, ta baro awaki, ta baro gadon ƙarfen da aka kai ta ɗaki da shi, ban taɓa jin ta ambaci ko ɗaya ba. Iya mai tukwane ce kaɗai ta kasa ajiyewa.

Iya Bagwariya ce, maginiya, gidanta yana tsallaken rafi daga namu. A damina ɗaya aka kawo su ƙauyen suna amare, ita da Inna, mu kuma muka tashi muka gan su tare, kullum cikin faɗan da ba ya kai zuci. Iya tana ɗaukar kaya a kafaɗa kamar yadda mutanenta suke yi, Inna ta ce Allah ya ba ta kai ta ƙi morarsa. Iya ta ce nata kan yana da aikin yi a ciki, na Inna ne ba kowa a gidan, shi ya sa ake ɗora masa itace. Duk randar da muka sha ruwanta a gidanmu, da tukunyar da aka dafa mana wake, da kaskon turaren da aka kai ni ɗaki da shi, hannun Iya ne.

Ranar da ƙauyen ya watse, Iya ta tafi ɗiban yumɓu a rafi ita da 'yarta. Daga nan labari ya rabu. Wani ya ce ya ga an kora mata cikin daji tana cikinsu. Wata ta ce a'a, an gan ta a hanyar Neja. Wani tsoho ya ce ya ji an binne wata Bagwariya a bakin rafi, amma bai ga fuska ba. Iya ba ta taɓa riƙe waya ba, kuma duk wanda zai iya sani shi ma ya bi tasa hanyar.

Inna tana da wata al'ada bayan kowace salla. Takan jero mutanenta ɗaya bayan ɗaya a cikin addu'a, a bayyane, da 'yar murya. Matattu ne a farko, kowa da Allah ya jiƙansa. Sai rayayyu, kowa da Allah ya kare shi. Tun da ta dawo gidana, idan ta gama da matattu, kafin ta shiga rayayyu, sai ta tsaya. Ina tsakar gida ina wanke-wanke nake jin wannan tsayawar. Wata rana na tambaye ta, ta ce, "Ban san inda zan sa ta ba. In na ce Allah ya jiƙan ta alhali tana numfashi, na yi mata mugun baki. In na ce Allah ya kare ta alhali tana kwance, na hana ta abin da take jira daga wurina." Na ce ai za ta iya haɗa mata duka biyun. Ta ce ita ba ta iya yi wa Ubangiji kame-kame ba.

Haka muke har zuwa wannan Asabar ɗin.

Auta ta ce wani baje koli ake yi na masu zane da masu sana'ar hannu, a wani wurin shaƙatawa kusa da kogi, lokaci-lokaci a ƙarshen mako. Na ja ta gefe na tambaye ta ko akwai gumaka. Ta yi dariya har da riƙe bango, ta ce, "Yaya, ke dai sa hijabinki." Na kira maigidana a waya na nemi izini. Ya ce in dai da Inna ne ba laifi, amma mu dawo kafin magariba. Na ce masa nan Kaduna ce. Ya ce ya sani, bakinsa ne ya saba.

Muka hau keke. Lokacin damina ne, da muka hau gada na ga kogin ya cika ya tumbatsa, jajir, yana tafiya a hankali kamar ba shi da inda za shi. Na faɗa wa Inna. Ta ce ta ji sanyinsa a fuska.

Abin da ya fara tsayar da ni a wurin ba zane ba ne. Mutane ne na gani zaune a kan ciyawa, sun shimfiɗa tabarmi da darduma, sun ba bishiyoyi baya. Manyan bishiyoyi masu duhu, ga magidanci da iyalinsa sun juya musu ƙeya suna cin waina da miyar taushe, ba mai waiwaye. Wani dattijo da babbar riga yana tura jikarsa a lilo. 'Yan mata suna ɗaukar junansu hoto. Na tsaya riƙe da hannun Inna ina kallo, har Auta ta dawo ta ja ni. Ba wanda ya zo nan don an yi mutuwa ko haihuwa. Sun zo ne kawai don Allah ya ba su Asabar.

A ƙarƙashin wata rumfa wani tsoho mai gurmi yana zaune kusa da wani saurayi mai jita, suna bin juna a hankali, wannan ya ja wancan ya amsa. Da suka tashi sai wata yarinya mai farin hijabi ta karɓi lasifika ta fara waƙe da ka, ba kiɗa, rabi da Hausa rabi da Turanci, a kan hannun kakarta. Ban kama duka ba, amma tsigar jikina ta tashi. Idan ta faɗi abin da ya yi wa mutane daɗi ba sa tafi, sai su riƙa kaɗa yatsu ƙas-ƙas.

Inna ta karkato ta ce, "Kyanwa ce ta ɓata?"

"Yabawa suke yi, Inna."

"To Allah ya ba su tafin hannu."

Daga nan muka nufi wani dogon ɗaki mai farin fenti. Muna isa bakin ƙofa Inna ta ji sanyi ya bugo ta, ta ji shiru a ciki, sai ta tuɓe takalmanta ta yi sallama da ƙarfi. Mutane suka juyo. Wasu suka amsa a ruɗe. Ni ma ban san lokacin da na tuɓe nawa ba. Auta ta ce a hankali, "Ba masallaci ba ne fa," amma ta sunkuya ta kwashe takalman ta zuba a jakarta.

Na yi sakandare, na ga zane a littafi, na kuma zana taswira da furen rumfu a aji. Amma ban san ana yin irin wannan ba. Akwai wanda aka rubuta sunayen Allah da ruwan zinariya a kan shuɗi mai duhu, harufan suna zagaya juna har ido ya rasa mafari. Akwai kasuwa da aka yi da guntayen atamfa zalla, da ka matsa kusa tsumma ne, da ka ja baya sai ga mata suna ciniki. Ina tafe ina faɗa wa Inna, tana cewa "uhm," wani lokaci ta ce "ikon Allah."

A ƙarshen ɗakin akwai wani zane da ya kusa cinye bango. Daji ne. Na ɗauki lokaci kafin na karanta 'yar takardar da ke gefensa na ga dajinmu ne, na Birnin Gwari. An zana shi da safe bayan an ɗauke ruwa. Haske yana saukowa ta tsakanin ganyaye a tsaye kamar zare, ƙasa ta yi baƙi don laima, ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga marke, can nesa wani dutse ya leƙo. Na tsaya. Sai da na jima na gane abin da idona yake yi: yana bin tsakanin bishiyoyin ne yana neman sawun babur. Babu. Mai zanen bai sa kowa a ciki ba. Sai na bar neman, na kalli bishiyoyin su kansu, abin da na manta rabon da in yi. Na tuna muna yara muna shiga tsintar kaɗanya da sassafe, raɓa tana jiƙa mana zane har gwiwa. Ashe haka yake da kyau. Ashe duk shekarun nan da muke tsoronsa bai daina kyau ba. Na ce Subhanallah, hawaye ya zubo mini ban shirya ba.

Inna ta ji hannuna ya canza. Ta ce, "Mene ne?"

"Dajinmu ne aka zana, Inna."

"Da kaɗanya?"

"Da ita."

"Ta zuba?"

Na duba gindin bishiyar, sai ga 'yan ɗigo-ɗigo kore a ƙasa. Na ce ta zuba.

"To su mutanen nan me suke jira?"

Wata mata da ke kusa da mu ta yi dariya ta rufe baki da mayafi.

Auta ta hango wata abokiyar aikinta ta tafi gaisawa. Mu kuma muka juya ta ɗaya gefen, inda aka jera tukwane. Wannan ma wani abin mamaki ne. Tulu dai da na sani, wanda yake zama a bayan ƙofa a kan yashi, kaji suna shan abin da ya tsatso daga gindinsa, shi ne aka ɗora a kan farin akwati shi kaɗai, aka kunna masa fitilarsa a sama. Hasken ya sauka a kafaɗarsa, sai ga kowane layi na zanen totuwar masara ya fito. Na sha ruwan tulu tun ina rarrafe, amma ran nan na fara ganin tulu. A gaban kowanne an rubuta kada a taɓa, da Turanci da Hausa.

Kuskurena shi ne da na ce, "Inna, tukwane ne a nan."

A wurinmu ba macen da za ta wuce sabuwar tukunya ba ta ƙwanƙwasa ta ba, ko ba saya za ta yi ba. Hannu ne yake tafiya da kansa. Kafin in ce wani abu Inna ta zare hannunta daga nawa, ta laluba, ta samu na farko, ta buga masa gaɓar yatsa. Ƙarar ta cika ɗakin.

"Wannan ya gasu," in ji ta.

"Inna, an ce ba a taɓawa."

"Wa zai saya bai ji muryarsa ba?" Ta matsa ta buga na biyu. "Wannan zai yi yoyo kafin kaka."

Na waiga ina neman Auta. Da na juyo, Inna tana gaban na uku, wani tulu baƙi-baƙi mai ɗan dogon wuya. Ba ta ƙwanƙwasa shi ba tukuna. Tafin hannunta ne a kan kafaɗarsa, yana zagayawa a hankali. Sai ta zura yatsu cikin wuyan, ta tsaya cak. Na ga leɓenta yana motsi ba sauti. Ta ciro hannun, ta buga masa sau ɗaya, ta kara kunne. Ta sake bugawa.

"Ba ni ruwan nan," ta ce.

Akwai ruwan leda a hannuna da na saya a waje. Na ɗauka ƙishi take ji. Ta karɓa, ta ciji gefen ledar, ta lalubi bakin tulun, ta juye shi duka a ciki.

Wanda bai taɓa jin sabon tulu ya sha ruwan farko ba, da wuya in iya kwatanta masa. Wani siririn kuka yake yi, shiii, kamar yayyafi a kan kwanon gidan maƙwabta. A cikin shirun ɗakin nan kowa ya ji shi. Sai ƙamshi ya biyo baya, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, ya taso ya bi sanyin na'ura ya zagaye ɗakin. Mutane suka bar zanen da suke kallo. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata matashiya mai tabarau da rigar rini ta taho da sauri. Daga baya na san ita ce ta haɗa ɓangaren tukwanen. Ta ce, "Mama, don Allah, ba a taɓa su."

"Taɓawa kam na riga na taɓa, 'yar nan, ki yi haƙuri," in ji Inna. "Amma tsaya ki ji."

Yarinyar ta kasa kunne. Ta tsaya. Tulun yana ta kukansa, yana raguwa a hankali, laima tana fitowa a cikinsa daga ƙasa tana hawa.

Inna ta kamo hannuna ta tura shi cikin wuyan tulun. "Me kika ji?"

Akwai wani ɗan lotsi a ciki, inda maginiya take danna babban yatsa idan za ta ɗaga wuya. Na kowa a miƙe yake sauka. Wannan a karkace yake, da ɗan tudu a gefe. Babban yatsan Iya na hagu ya taɓa karyewa tun tana budurwa, ya warke a karkace. Na san lotsin nan. Ina yarinya nakan sa yatsana a irinsa a bakin randarmu idan ina jiran Inna ta gama tuƙa tuwo.

Amma na ji tsoron abin da zai biyo baya idan ba haka ba ne. Na ce, "Inna, tukwanen Iya ai sun je ko'ina. Wataƙila tsoho ne, an saya tun da."

"Buga ki ji."

Na saci kallon mai tabarau. Ta gyaɗa mini kai. Na buga.

"Yumɓun rafinmu muryarsa a ƙasa take," in ji Inna. "Wannan a sama take. Ba ƙasarmu ba ce. Sunsuna kuma." Na sunkuya. Bayan ƙamshin laima akwai hayaƙi, da ɗacin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tana da zafi don ta yi baƙi ta yi ƙarfi. "Bai shekara ba. Yatsanta ne, a ƙasar wasu, bana."

Auta ta iso tana haki, ta fara ba da haƙuri. Mai tabarau ta ce ta bari. Ta jawo wa Inna kujera, ta durƙusa a gabanta, na ba ta labarin a taƙaice. Ta ce da kanta take zuwa ɗauko tukwanen, a wata unguwa a bayan gari ta hanyar Kachia, inda mutanen da aka taso daga ƙauyuka suka zauna. Wannan tulun daga hannun wata mata mai matsakaicin shekaru ta karɓe shi. Akwai tsohuwa a gidan, amma ba ta taɓa ganin ta a bakin aiki ba, kuma zuwanta na ƙarshe an ce tsohuwar tana kwance ba lafiya. Ta kira lambar matar a gabanmu, waya a kashe. Ta yi wa Auta kwatance dalla-dalla.

Na ce wa mai tabarau tulun fa, mun ɓata mata shi. Ta dube shi, rabinsa ya yi duhu da laima, mutane sun yi layi suna sunkuyawa suna sunsunawa, wani yaro yana ce wa babansa ƙamshin gidan kaka ne. Ta ce, "Tun safe ba wanda ya tsaya a gabansa kamar yanzu. A bar shi."

Muka yi la'asar a waje, a kan tabarmin da aka shimfiɗa wa mata a gindin wata bishiya. Bayan sallama Inna ta fara jero mutanenta. Na kasa kunne. Ta gama da matattu, sai ta tsaya kamar kullum. Da ta shafa na ce, "Inna, ai kin ce bana ne."

"Bana tana da tsawo. An ce tana kwance. Sai na ji muryarta."

Lahadi da safe muka kama hanya. Keke ya kai mu inda kwalta ta ƙare, muka ƙarasa da ƙafa cikin taɓo, Inna a tsakiyarmu. Gidaje ne na bulo ba filasta, wasu an rufe taga da buhu. Ba mu sha wahalar nema ba, domin tun daga nesa Inna ta ce mu bi hagu, ta ji makuba. A bayan wani gida muka tarar da filin toka inda ake gasa tukwane, da sababbi a kife suna shan iska.

Maginiyar Gwari ba ta zama. Tana ɗora yumɓu a kan turmi ne ta riƙa zagaya shi da baya-baya, tana ɗagawa. Wata mata muka gani tana wannan zagayen, na gane 'yar Iya ce, duk da ta rame. A gefe, a inuwar katanga, wata tsohuwa tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne ta ba mu baya. An ajiye mata wani ɗanyen tulu a tsakanin ƙafafu, tana ɗaga masa wuya. Ƙafafun sun daina zagaye, wuya kaɗai ake kawo mata. Shi ya sa mai tabarau ba ta taɓa ganin ta a bakin turmi ba.

Inna ta yi sallama.

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin tulun. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Mai wannan muryar ta mutu."

"Wa ya gaya miki?"

"An ga takalminki a bakin hanya."

"Ƙafa ɗaya. Ɗayar tana wurina."

Iya ta juyo a hankali. Ta tsufa ƙwarai, wuyanta ya zama kamar igiya. Ta daɗe tana kallon Inna. Ta ce, "Na yi miki sadaka. Waina na sa aka toya, aka raba wa yara."

"Kin ci a ciki?"

"Na ci. Ba gishiri, kamar ke kika yi."

"Ladan dai yana nan, ba ya tsami. Ki bar mini kayana."

"Me ya samu idonki?"

"Na gaji da ganin mutane ne."

Muka kai Inna kusa, ta durƙusa a kan taɓo da zanenta na fita. Ta lalubi hannun Iya na hagu, duk yumɓu, ta kama babban yatsan ta riƙe da hannu biyu. Ni da Auta da 'yar Iya muka koma gefe muka yi kukan a madadinsu.

Da aka natsu aka kawo kunu, Iya ta ce a ramin yumɓu suka ɓuya ran nan ita da 'yarta, har ƙarar babura ta ɗauke, daga nan suka bi rafi suka yi ta tafiya. Ba ta ƙara a kan haka ba, ba mu kuma tambaya ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita kwanakin baya, ta tashi. Auta ce ta ba ta labarin jiya, har da kwaikwayon yadda Inna ta ciji leda.

Iya ta ce, "A gaban mutane?"

"Cike da ɗaki, Iya."

"Ba ta da kunya tun tana amarya." Ta juya wurin Auta. "Kin ce fitila aka kunna masa? Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, a kan farin akwati. Mutane suna layi."

Iya ta kalli hannunta, ta juya shi, ta kalli ƙofar ɗakinta da ba wuta. Na ɗauka za ta ce wani abu a kan haka. Sai ta juya wurin Inna ta ce, "Ya yi yoyo?"

"Bai yi ba."

"To."

Da za mu tafi ta sa aka ɗauko wani ƙaramin tulu aka ba Inna. Bayan an yi aikin ido an cire bandeji, shi ne abin da Inna ta fara cewa a miƙo mata. Ta juya shi a hasken taga ta ce ashe Iya ta iya zane, ita duk shekarun nan sha kawai take yi. A cinyarta ya yi tafiyar komawa gida, cikin rakiyar sojoji. A hanya na ɗan kalli bishiyoyin, ba da yawa ba, tsoro bai bar ni ba, amma na ga wata kaɗanya ta zuba.

Tulun yana bayan ƙofata yanzu a kan yashi. Wani lokaci idan na zo ɗiban ruwa nakan haska shi da fitilar waya in ɗan tsaya.

Amma tun kafin mu bar Kaduna, a magaribar wannan Lahadin, ina ninke hijabi a ɗakin Auta na ji Inna ta fara jero mutanenta. Baba, Allah ya jiƙansa. Iyayenta, Allah ya jiƙansu. Yayana da ya rasu yana goye. Na riƙe hijabin a ƙirji ina jiran inda take tsayawa. Ta wuce kai tsaye, ko numfashi ba ta ja ba.

"Iya, Allah ya kare ta, ya ƙara mata lafiya, ya shirye ta ta daina yi wa girkina ƙarya."

Sannan ta zo kaina.